Tasha da Faɗinta: Yadda Ake Tsara Wi-Fi a Harabar Kwaleji

 

Ranka ya daɗe uban ƙasa, iyayenmu masu unguwanni, malamaina, shugabannin makarantu da suka taso daga Tambuwal da Dogon Daji da Sanyinna da Kebbe, da ku ƙannena ɗalibai maza da mata, sannunku da zuwa. Na gode wa mutanen Jabo da suka ba ni wannan dama.

Da yawa cikin 'ya'yan wannan yanki suna karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wasu a Jami'ar Jihar Sakkwato, wasu a Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, wasu kuma nan kusa da gida a kwalejin koyon aikin jinya da ke Tambuwal. Duk wanda ya zauna a harabar babbar makaranta a ƙasar nan ya san kukan da ɗalibai ke yi: ga alamar Wi-Fi a cike a fuskar waya, amma shafin rajista ya ƙi buɗewa. Sai a ce a ƙaro akwatunan Wi-Fi. Wani lokaci a ƙaro ɗin, abin kuma ya ƙara lalacewa. Dalilin haka ne zan yi magana a kansa yau, domin ya rataya ne a kan lambobi biyu da ke cikin saitin kowane akwati, waɗanda ba su cin ko kwabo wajen gyarawa: lambar tashar da akwatin yake kai, da faɗin da aka ba tashar.

Wi-Fi rediyo ne. Iyayenmu da suka saba murɗa akwatin rediyo suna neman gajeren zango da asuba sun san abin da ke faruwa idan tasha biyu suka hau kan juna: ba ka jin wannan, ba ka jin waccan. Bambancin kawai shi ne gidajen rediyo hukuma ce ke yanka wa kowa wurinsa da lasisi, shi kuwa Wi-Fi yana aiki ne a zangon da aka bar wa kowa da kowa. Hukumar sadarwa ta Amurka ce ta fara buɗe irin wannan zango a 1985, aka fitar da ƙa'idar Wi-Fi ta farko a 1997. A nan gida Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ita ke faɗin inda aka yarda a yi aiki da kuma iyakar ƙarfin da na'ura za ta fitar. Amma cikin harabar makaranta babu wanda zai zo daga Abuja ya raba muku tasoshi. Ku ne za ku raba.

Akwai wata ƙa'ida da idan ba a fahimce ta ba, sauran bayanin ba zai zauna ba. A kan tasha ɗaya, a wuri ɗaya, na'ura ɗaya ce kawai ke magana a lokaci guda. Kafin wayarka ta aika ko da harafi, sai ta kasa kunne. Idan ta ji wani yana magana, ta dakata. Tushen wannan dabara ma daga jami'a ya fito. A 1971 Jami'ar Hawayi ta haɗa rassanta da ke tsibirai dabam-dabam da rediyo, a ƙarƙashin jagorancin Norman Abramson. A tsarinsu kowa na aikawa ne lokacin da ya ga dama, saƙonni na karo da juna, sai a sake. Masana da suka biyo baya suka ƙara sharaɗin saurare kafin magana, kuma a kansa Wi-Fi ke tafiya har gobe.

Ku ɗauki tasha kamar zauren mai gari, inda mutum ɗaya ke magana sauran na jiran ya kai aya. Idan akwatuna biyar suna kan tasha ɗaya kuma suna jin juna, to ba zaure biyar gare ku ba, zaure ɗaya ne mai ƙofa biyar. Duk ɗalibin da ya shiga ta kowace ƙofa layi ɗaya ya tarar. Shi ya sa ƙarin akwati ba tare da rabon tasha ba, ƙarin masu jiran layi ne kawai.

Mu fara da tsohon zango, na gigahaz 2.4, wanda kowace waya ke gani. Faɗinsa gaba ɗaya bai kai megahaz 84 ba. An jera tasoshi 13 a cikinsa, tsakanin kowace da mai bi mata megahaz 5 ne kacal, alhali magana ɗaya ta Wi-Fi tana cin megahaz 20. Ku yi lissafin da kanku. Wanda ya zauna a tasha ta 3, muryarsa ta shiga ta 1 ta kuma shiga ta 6. Tasoshin da ba sa taka juna guda uku ne: 1, 6 da 11, wato megahaz 2412, 2437 da 2462.

A nan ne masu haɗa na'ura da yawa ke faɗawa rami da kyakkyawar niyya. Mutum zai duba ya ga 1 da 6 da 11 duk da jama'a, ya ga 3 ko 9 babu kowa, sai ya kai akwatinsa can yana ganin ya tsira. Gara ya zauna tare da su a kan 6. Akwatuna biyu da ke tasha ɗaya suna fahimtar juna, suna yi wa juna kawaici, kowa na jiran lokacinsa. Amma wanda ke 3 da wanda ke 1 ba sa gane maganar juna, hayaniya kawai suke ji. Sai su yi ta magana a kan juna, saƙo ya lalace, a sake aikawa, ya sake lalacewa. Jiran layi yana rage sauri. Wannan kuwa ɓarna ce tsagwaronta. A Turai wasu na amfani da 1, 5, 9 da 13 don su sami huɗu, kuma a takarda abin yana yiwuwa. Ni ban ba ku shawarar haka ba. Wayoyin da ke hannun ɗalibanmu daga kasuwanni dabam-dabam suka shigo, waɗanda aka ƙera don Amurka ba lallai su ga 12 da 13 ba, kuma duk hosfot ɗin da ke kewaye da ku galibi a kan 1, 6 ko 11 zai sauka.

Faɗin megahaz 40 a wannan zango kuwa, kada ma a fara. Akwati ɗaya zai cinye kusan rabin zangon shi kaɗai.

Sai zango na biyu, na gigahaz 5. Nan akwai sarari, kuma nan ne maganar faɗi ke da nauyi. An jera tasoshinsa 36, 40, 44, 48 da sauransu, kowace da megahaz 20 nata, ba mai shiga gonar wata. Littattafan da aka rubuta a Amurka za su ce muku akwai 25. Kada ku ɗauki wannan adadi ku yi tsari da shi, domin kowace ƙasa da abin da ta halatta. Akwatuna da yawa idan ka zaɓi Nijeriya a saitinsu, abin da za su nuna maka shi ne 52 zuwa 64 da 149 zuwa 165, tara ke nan. Wasu kan haɗa da 36 zuwa 48, su zama 13. Abin da akwatinku ya nuna bayan kun saita shi a kan ƙasarku, da shi za ku yi aiki. Ina roƙonku kada ku zaɓi wata ƙasa don ku sami ƙarin tasoshi. Saɓa doka ne, kuma kuna iya hawa kan zangon da wani ya biya kuɗin lasisinsa.

Tun daga ƙa'idar 2009 aka ba da damar haɗa tasha biyu su zama ɗaya mai faɗin 40. Ta 2013 ta kawo 80 da 160. Sabuwar da ake kira Wi-Fi 7 ta kai har 320. Waɗannan su ne manyan lambobin da ake bugawa a jikin kwali, kuma ba ƙarya ba ne. Waya mai eriya biyu a ƙa'idar 2013 tana iya ƙulla megabit 173 a daƙiƙa a faɗin 20, a faɗin 80 kuwa 867. Wa zai ga haka ya zaɓi ƙarami? Shi ya sa akwatuna da yawa ke fitowa daga masana'anta a kan 80.

To amma daga ina faɗin ya fito? Daga cikin taran nan ne. Tasha mai faɗin 80 tasoshi huɗu ne aka rushe bangon da ke tsakaninsu. Idan tara gare ku, a faɗin 40 kun koma huɗu, a faɗin 80 kun koma biyu. Makaranta mai akwati talatin da tasha biyu, goma sha biyar-biyar ke nan a kan kowace. Mun koma matsalar tsohon zango, har ma ta fi muni, tunda shi uku ne da shi.

Wani zai ce ai duk ɗaya ne, mai magana a faffaɗar tasha yana gamawa da wuri, na baya ya samu. Da kowa sabuwar waya gare shi kuma yana tsaye gindin akwati, da maganarsa ta yi kusa da gaskiya. Amma ku dubi ɗakin lacca na gaske. Akwai mai tsohuwar waya, akwai na can ƙarshen benci wanda siginarsa ta yi rauni, yana magana a hankali. Duk lokacin da yake magana, tashar gaba ɗaya tasa ce, duk faɗinta, ko da kashi ɗaya cikin huɗu yake amfani da shi. Idan an raba huɗu, mutanen tasharsa kawai zai riƙe, sauran ukun na ci gaba da aikinsu. Ban da haka, kowane saƙo yana da gaisuwa da jira da amsa waɗanda tsawonsu bai raguwa don an faɗaɗa tasha. Saƙonnin ɗalibai kuwa yawancinsu ƙanana ne: WhatsApp, shafin rajista, duba sakamako. A irin waɗannan, lokacin gaisuwar kan fi na saƙon kansa.

Akwai kuma hasara ta biyu da ba a cika faɗa ba. Ƙarfin akwati ƙayyadadde ne. Idan ka shimfiɗa shi a faɗi ninki biyu, ya sirance, kuma kunnen waya ya buɗe wa hayaniya ninki biyu. Injiniyoyi na cewa duk ninkin faɗi yana cin desibel 3. Daga 20 zuwa 80 desibel 6 ke nan, wato sai siginar ta ninka ƙarfi sau huɗu kafin a ji ta da tsabta irin ta farko. A aikace, ɗalibin da ke kusurwar ɗaki shi ke biyan wannan bashi.

Sannan mu tambayi kanmu: nawa ne ma ke shigowa makarantar daga waje? A ce kwaleji ta sayi megabit 100 ko 200, ta wayar faiba, ko ta kwanon da ke kallon hasumiyar kamfanin waya, ko ta Starlink da ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023. Wannan ne za a raba wa ɗaruruwan mutane. Tasha ɗaya mai faɗin 20 ta kusa ɗaukar wannan ita kaɗai. Me 867 zai ƙara wa ɗalibin da rabonsa daga waje bai wuce megabit biyu ba? Ra'ayina a fili yake: a ɗakunan lacca, ɗakin karatu da ɗakunan kwanan ɗalibai, a tsaya a kan 20. Idan akwatunan kaɗan ne kuma suna nesa da juna, kamar ginin ofisoshi, ana iya gwada 40. Tamanin kuwa na mai gida ne da ke da akwati ɗaya a nan Jabo, babu maƙwabcin da zai dama. Shi ya buɗe abinsa, babu laifi. Haka kwanon da ke haɗa gini da gini, wanda ke harba siginarsa saiti ɗaya, yana iya cin 40, muddin an ware masa tasharsa, ba a sa akwatunan cikin ɗaki a kanta ba.

Tasoshi 52 zuwa 64 suna da sharaɗi. Zangon nan ana tarayya da na'urorin rada ne, irin na hasashen yanayi da na tsaro. Doka ta ce kafin akwati ya fara magana a can sai ya yi shiru na daƙiƙa 60 yana saurare, kuma duk lokacin da ya ji rada ya tashi nan take. Wasu kan guje su saboda haka. A wurinmu guje musu asarar kusan rabin abin da muke da shi ne. A yi amfani da su, a riƙa duba rahoton akwatin. Idan an ga wata tasha ana yawan korar sa daga kanta, a cire ta ita kaɗai.

Yanzu bari in zo kan abin da littattafan waje ba sa kawowa, saboda su ba su san shi ba: ɗauke wuta. Yawancin ƙananan akwatuna an bar su a kan zaɓi da kai, wato su duba da kansu su ɗauki tashar da ba kowa. Lokacin tashi suke wannan dubawa. Ku yi tunanin abin da ke faruwa idan wuta ta tafi aka tada janareta. Duk akwatunan makaranta sun farka a daƙiƙa ɗaya, kowa ya kasa kunne, kowa ya ji tsit domin sauran ma ba su fara magana ba, sai da yawansu su zaɓi tasha guda. Na ga haka a wata makaranta: jiya lafiya lau, yau ba ya motsi, babu wanda ya taɓa komai, ana ta zargin kamfanin da ke sayar musu da data. Magani biyu ne. Ko dai a rubuta wa kowane akwati tasharsa da hannu, ko a sa su ƙarƙashin na'ura ɗaya mai kula da su duka, wadda ke tuna rabon jiya. Kuma tunda akwatunan zamani ta cikin kebul ɗinsu suke shan wuta, batir da sola a ɗaki ɗaya cikin kowane gini sun isa su riƙe na ginin duka. A ƙasar da rana ba ta yi mana rowa, wannan ya kamata ya shiga kasafi tun farko.

Rabon tasha ba ya aiki idan ba a haɗa shi da rage murya ba. Tasoshin ba za su ishi kowane akwati ya sami tasa ba, dole a maimaita, kuma maimaitawa na yiwuwa ne kawai idan masu tasha ɗaya ba sa jin juna. Mu kuwa mun saba da murɗa komai zuwa ƙarshe. Akwatin da ke kan cikakken ƙarfi yana kai muryarsa gini na uku, ya hana ɗan'uwansa na can magana. Kuma waya ba ta da ƙarfinsa: tana jin sa, shi ba ya jin ta sosai. Wannan na daga cikin dalilan alamar da ke cike amma shafi ba ya buɗewa. A rage ƙarfin, musamman a 2.4 da ke ratsa bango fiye da 5. Inda akwatuna suka yi yawa a gini ɗaya, a kashe 2.4 a wasunsu. Amma kada a kashe shi duka. Akwai ƙananan wayoyi masu sauƙin kuɗi da ba sa ganin 5 sam, kuma ɗan talakan da ya zo daga ƙauye da irin wannan waya haƙƙinsa a makarantar daidai yake da na kowa.

Gine-ginenmu ma suna da ta cewa. Bangon bulo da kankare mai rodi yana shanye sigina, na jan ƙasa mai kauri haka, rufin kwano kuma yana mayar da ita. Bango ba abokin gaba ba ne. Shi ke raba akwati da akwati har a iya maimaita tasha. Kuskuren da aka fi yi a ɗakunan kwana shi ne jera akwatuna a dogon baranda saboda sauƙin jan waya. A nan suna kallon juna ido da ido, suna jin juna sarai, ɗaliban da aka yi domin su kuma suna bayan bango. A shigar da su cikin ɗakuna. Kada kuma a ɓoye su tsakanin silin da kwano. A watan Afrilu da zafin ƙasar Sakkwato ke haura digiri 40 a inuwa, wurin nan yana gasa na'ura.

Ƙananan abubuwa biyu da ke cin lokacin tasha a banza. Kowane sunan netwok da kuka ƙirƙira, akwati na shelanta shi kusan sau goma a daƙiƙa, ko da ba kowa a kai. Na malamai, na ɗalibai, na baƙi: uku sun isa, ba sai kowane sashe ya yi nasa ba. Na biyu, a kashe tsofaffin matakan gudu na ƙa'idar 1999, wato megabit 1 zuwa 11, a mai da 12 mafi ƙanƙanta.

Ku ɗalibai, kuna da hannu a ciki. Duk hosfot da kuka kunna a ɗakin lacca, da duk ƙaramin MiFi da ke cikin jaka, akwati ne da ya shigo rabo ba a yi lissafi da shi ba. Ban ga laifinku ba; wanda na makaranta ya ƙi yi masa aiki dole ya nemi mafita. Amma abin zagaye yake yi: na makaranta ya yi rauni, ku kunna naku, naku ya ƙara raunana shi. Shugabanni su fara gyara nasu, sannan su roƙi a kashe hosfot a aji, za a ji maganarsu. Kuma duk abin da ba ya motsi, kwamfutocin ɗakin gwaji, na ofis, na'urar buga takarda, a ja masa kebul. Cibiyoyin jarrabawar JAMB da waya ake haɗa kwamfutocinsu, kuma akwai hikima a ciki. Iska a bar wa masu yawo.

Za ku ji ana tallar zango na uku, na gigahaz 6, wanda NCC ta bayyana shirin buɗe wani sashensa ga Wi-Fi a 2024. Alheri ne, zai kawo sarari mai yawa. Sai dai wayoyin da ke ganinsa tsadaddu ne, kuma za a ɗauki shekaru kafin su yawaita a hannun ɗalibanmu. Kada a riƙe gyaran yau ana jiran sa.

Ranku ya daɗe shugabannin makarantu, kuɗin irin wannan aiki kan zo ne daga TETFund, ko asusun USPF da ke ƙarƙashin NCC, ko gwamnatin jiha, kuma ba kullum yake zuwa ba. Idan ya zo, kada ku sa hannu a takardar kammala aiki don kun ga fitilu na ƙiftawa. Ku nemi taswirar makaranta da ke nuna inda kowane akwati yake, da tasharsa a zango biyun, da faɗinta, da ƙarfin da aka sa masa. Ku nemi a yi gwaji ranar da ɗalibai ke cike da aji, ba ranar hutu ba, domin jikin mutum yawancinsa ruwa ne kuma yana shanye sigina. Ɗakin da ya yi kyau babu kowa zai canza idan mutum ɗari uku suka zauna. A kowane wurin zama a sami siginar da ba ta gaza -67 ba a ma'aunin dBm. Kalmar sirrin shiga saitin kuma ta zauna a hannun ma'aikacinku, a koya masa aikin kafin ɗan kwangila ya tafi.

Ku kuma ƙannena, akwai manhajoji na kyauta a wayoyin Android, irin su WiFi Analyzer, da ke nuna kowane akwati da tasharsa da faɗinsa. Idan kun koma makaranta ku sauke ɗaya, ku tsaya a ɗakin lacca da ɗakin karatu da ɗakin kwana, da safe da kuma bayan isha'i, ku rubuta abin da kuka gani: akwati nawa ke kan tasha ɗaya, wanne ke kan 3 ko 9, wanne ke kan faɗin 80. Ku kai wa mai kula da sashen kwamfuta cikin ladabi, ku ce ga abin da muka samu, malam.